Abin da Anka Ciro daga Cikin Tabawa

Deule, watan Rabi'u Lahir, 1362. Asabar, da hantsi

A nan na saba rubuta ranar ruwan farko da ranar shuka. Yau ba ruwa ba shuka, amma hankalina bai kwanta ba. Matata Tabawa ta sake kwana da ciwon kai, jikinta rau da zafi. Inna ta ce bazara ce, ta jiƙa mata tsamiya. Gogo, ƙanwar babana, wadda ke karɓar haihuwa a unguwarmu, ta ce ƙila ciki ne, don mararta ta ɗan taso. In haka ne ɗiyarmu Zali za ta samu ƙane, ga shi yayenta bai daɗe ba. Wana Barmo shina jirana mu gama sassaben gonar tudu.

Talata, bayan azahar

Tabawa ta kira sunana. Muna zaune ƙofar gida da mutane, ta fito ba mayafi ta ce, "Alhusaini, zo ka kore su." Tun da anka ɗaura mana aure ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Mutane sunka sunkuyar da kai.

Na ce, "Su wa?"

Ta ce akwai mutane cikin rumbu suna zancenta. Na hau na buɗe. Dammunan gero ne da sunka rage, sai ɓera guda. Ta ce ai sun ji tahowata ne.

Laraba, da safe

Ba ta yi barci ba.

Alhamis, da hantsi

Inna ta kawo mata kunu. Ta dubi ƙwaryar ta ce an sa ƙasar kabari a ciki. Inna ta yi dariya ta ce, "Haba ɗiyata, ni ce fa." Sai ta ɗauki tulu da ruwanshi ta sauke a kan Inna.

Na iske tsohuwa zaune cikin caɓi, jini ya rufe mata ido guda. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Riƙe ta kada ta taka kasko." Na riƙe ta. Ban san tana da ƙarfi haka ba. Ta cije ni a kafaɗa har haƙoranta sunka huda riga.

Matar da ko kaza ba ta iya gani ana yankawa.

Juma'a, bayan la'asar

Na yi mata rubutu na wanke, ta fesa mini a fuska. Wani abu sabo ya fara: bakinta na tauna alhali ba komi a ciki, harshe na fita na komawa, yatsunta na murɗawa kamar mai kaɗi. In na yi magana tana kallon bayan kaina.

Lahadi, da rana

Ta kuɓuce wa Gogo ta bi mata zuwa rijiya, Zali na goye a bayanta. Ba zan rubuta sauran ba. An kai Zali wurin maɗori, ya ɗaure hannun da kara. Ya ce ƙashin yara na kamawa.

Ba ita ba ce. Ba ita ba ce.

Litinin, da safe

Barmo ya shigo da mari daga maƙera, ya jefa a tsakar gida. Na ce ba a sa wa matata ƙarfe.

Ya ce, "Matar da ta kwance ɗiyarta daga goyo ta maka ta da dutsen bakin rijiya gaban mata? Ba don an riƙe ta ba da cikin rijiyar za mu ciro yarinyar. Jiya uwarmu, yau ɗiyarka. Gobe wa kake so?"

Na ce, "Yaya, ciwo ne."

Ya ce, "To ciwon za mu ɗaure."

Shi ya riƙe, maƙeri ya buga. Ni na tsaya bayan ɗaki ina jin ƙarar guduma. Barmo ya kuma aika a kira wani Maiguwa daga wajen Buza, wanda anka ce shina fitar da iskoki. Zali ta koma ɗakin Inna. In ta ji muryar uwarta sai ta cusa kai ƙarƙashin tabarma.

Laraba, bayan magariba

Maiguwa ya zo da jakar fata da bulalar dorina. Dogo ne, mai sanyin murya, ya gaida Inna har ƙasa. Ya ce bugun ba ita yake samu ba, wanda ke kanta yake samu.

Anka toshe ƙofar ɗaki da tabarma, ya zuba barkono a garwashi. Mu da muke waje ma tari muke. Shina dukanta shina tambaya, "Wane ne kai? Faɗi sunanka." Ihu ta yi da farko, daga baya ihun ya koma wani gurnani, daga baya shiru, sai ƙarar bulala kawai.

Da anka buɗe tana ƙasa tana shure-shure, idanu sun juye, kumfa da jini a baki. Maiguwa ya ce alama ce mai kyau, ya ji zafi. Ya wanke hannu ya ci tuwo.

Ni na wanke mata baya. Zanen ya manne da fata, sai da na jiƙa shi.

Alhamis, da safe

Ba ta yi barci ba. Ba ta magana kuma.

Asabar, da hantsi

Maiguwa ya sake jiya. Ban hana ba.

Yau Gogo ta kore mu ta duba ta da kyau. Ta fito ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Alhusaini, na yi kuskure. Wanga ba ciki ba ne. Ta ga jininta jiya, ni na gyara ta. Abin da ke mararta gefe guda yake, mai tauri, in ka tura shi ya gusa ya dawo. Hannuna ya taɓa ciki da yawa, bai taɓa irin wanga ba."

Na ce kada ta gaya wa kowa. Amma matar Barmo na shanya bayan danga.

Lahadi, bayan azahar

Gari duk ya ji. Wai ɗan iska take ɗauke da shi. Mata sun daina shigowa ɗibar wuta.

Litinin, da yamma



Maiguwa ya ce tunda abin a mara yake zaune, nan za a buga. Ya sa tsinken ƙarfe a wuta. Barmo ya danne mata kafaɗu. Tabawa na kwance a sandare kamar itace, idonta buɗe, bakin nan na tauna. Ko ƙiftawa ba ta yi ba da ƙarfen ya matso.

Na ce a bari. Barmo ya ce in fita in ba ni iya gani. Na ce a bari. Ya ce, "Tun kana yaro haka kake, ba ka da zuciya."

Ƙotar gatari na jingine bakin ƙofa. Ban tuna ɗaukarta ba. Na tuna ƙarar, da Barmo durƙushe shina tofar da haƙora a tafin hannunshi. Na juya kan Maiguwa, ya bar jakarshi ya fita da baya. Na bi shi har bakin gari ina jifa, yara na kallona.

Wana ne. Shi ya goye ni ranar da anka binne Baba. Inna ta tafi ta dafa mishi ruwan bagaruwa.

Talata, da safe

Ƙafafunta sun ruɓe inda marin ke ci. Ƙuda sun samu wuri. Na kira maƙeri ya cire, ya ce sai Barmo ya yarda. Na ɗauki gudumarshi na cire da kaina.

Alhamis, bayan la'asar

Jaririn Dela maƙwabciyarmu ya rasu da safe, gudawa ta kwana biyu. Kafin a kai shi maƙabarta an ce Tabawa ce ta kama kurwarshi, ga bakinta nan kowa ya ga tana tauna.

Sunka zo da azahar. Dutse na farko ya faɗa kan rumfa, na biyu ya fasa randa. Na san kowace fuska. Akwai wanda na karanta wa wasiƙar ɗanshi soja, akwai wanda munka yi kaciya tare. Mijin Dela na gaba da itacen wuta shina cewa a fito da ita ta tsallake gawa ko a ƙone ɗakin. Na fito, dutse ya same ni a goshi, na zauna ban shirya ba.

Inna ce ta tsaya ƙofar ɗakin da taɓarya, tsumma ɗaure a kanta inda tulu ya fasa. Ta ce, "Ni ta fasa wa kai, jikata ta karya wa hannu. In akwai mai bin ta jini ni ce. Wanda ya taka nan sai ya bi ta kaina."

Sunka tsaya. Maigari ya iso ya raba mutane, sannan ya kira ni gefe ya ce shi ba ya iya tsare mu kullum. Kafin Juma'a ta wuce in fitar da ita daga Deule.

Barmo na zaune ƙofar ɗakinshi, baki kumbure. Bai jefa ba, bai hana ba.

Juma'a, da asuba

Za mu Madawa, an ce akwai mai allura can. Wani Buzu da muke hulɗa da shi tun zamanin Baba ya ba ni aron raƙumi. Mun ɗaure ta a kai da zanna. Gogo ta ce ƙafarta ƙafata. Zali na barci, ban tashe ta ba.

Lahadi, da rana, ƙarƙashin wani gawo

Duwatsu da zafi. Muna ɗiga mata ruwa da tsumma don ba ta haɗiya sai an shafa maƙogwaro. Jiya numfashinta ya tsaya har Gogo ta fara salati, sai ta ja shi da ƙarfi kamar wadda ta fito daga ruwa.

Ɗazu masu jajayen huluna biyu, dogaran Nasara, sunka tare mu a kan dawaki. Sunka ce ana tara raƙuma don jigilar geron yaƙi. Na ce marar lafiya ce a kai. Ɗayan ya ɗaga zanen da bakin bulala, ya ga bakinta, ya ja da baya ya ce a sauke wannan abin. Na riƙe akala. Ya zuba mini bulala a wuya da hannu har na saki. Ya ce in na ƙara magana zan bi raƙumin zuwa aikin hanya.

Sunka sauke ta a kan tsakuwa sunka tafi. Ban san abin da zan gaya wa mai raƙumi ba.

Litinin, bayan magariba, Madawa

Na goyo ta. Ba ta da nauyi yanzu, amma a sandare take, gwiwoyinta na sukar haƙarƙarina. Gogo na biye da tulun ruwa a kai, tsohuwa, ba ta ce ta gaji ba ko sau ɗaya.

Talata, da hantsi

Mai allurar ya ga bayanta ya dube ni. Na ce ba ni ba ne. Ya ce, "Kana ina?"

Ya wanke gyambunan ƙafar da wani ruwa ja, ya lanƙwasa ta ya soka doguwar allura a ƙashin bayanta. Ruwan da ya ɗigo fari ne tas. Ya ce ba sanƙarau ba ne, da shi ne da ruwan ya gurɓace kamar tsarin gero. Abin mara kuwa ya fi ƙarfinshi. Lokotoro, babban likita, na zuwa rangadi daga Tawa cikin makon nan, mu jira.

Alhamis, da yamma

Ta yi ta murƙususu tun safe, tana amai, marar ta yi tauri kamar dutse. Wannan ne karon farko da na ga hawaye a idonta tun da abin ya fara.

Juma'a, bayan azahar

Lokotoro ya zo. Baƙin mutum ne daga can ƙasashen bakin teku, Hausarshi a karye amma ana ganewa. Ya daɗe shina taɓa marar. Ya ce tsiro ne, kuma ya murɗe a ciki, in ba a yanke shi ba zai kashe ta kafin sati.

Na ce, "Shi ya taɓa mata hankali?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na ga yara da sunka yi ciwon maƙogwaro, bayan ya warke jikinsu ya kama rawa ba su iya tsayar da shi. Na ga tsoho da ƙari a ƙirji wanda ya mance sunan matarshi kafin ya fara tari. Wani lokaci ciwo na nan, ɓarnarshi na can cikin kai. Malamanmu ba su gaya mana dalili ba. Ni cikin zan yanka. Kan kuwa ban yi maka alkawari ba."

Ya ce tana iya mutuwa a ƙarƙashin wuƙa. Na dubi Gogo. Ta ce, "A Deule ma wuƙa ce ke jiranta." Za mu bi kamyonshi, babbar mota, zuwa Tawa gobe.

Jimada Lawwal. Litinin, da la'asar, Tawa

An yi. Tana numfashi.

Lokotoro ya kira mu ya nuna mana a cikin tasa. Girmanshi kamar ɗan ƙaramin duma. Ya tsaga shi gabanmu. Wani maiƙo ya fito, da gashi, baƙi, dogo, a cukurkuɗe. Ya juya da ƙarfe, ga haƙora biyu manne da tsoka.

Gogo ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ashe gaskiyarsu."

Ya ce, "A'a, uwa. Ba ɗa ba ne, ba na mutum ba, ba na iska ba. Jikinta ne ya yi kuskure ya shuka gashi da haƙori inda ba wurinsu ba. Ƙila tun tana yarinya yake nan." Ya ce ya taɓa ganin irinshi a makarantarsu cikin kwalba.

Gogo ta roƙa a ba ta ta binne. Ya ba ta. Mun yi alkawari ni da ita, ba mai jin zancen haƙoran nan a Deule.

Laraba, da safe

Ba canji. Tana tauna.

Asabar, da rana

Ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya dawo. Sun ɗaure hannuwanta da gado don tana fizge tsumman. Ɗauri dai, ɗauri dai, ko'ina munka je.

Na yi mafarkin Barmo shina miƙo mini haƙoranshi.

Talata

Zazzaɓi ya sauka. Ba canji.

Juma'a, da hantsi

Ta yi barci. Tun jiya da la'asar take yi har yanzu, bakinta a rufe, shiru. Na sa kunne a hancinta ya fi a ƙirga. Gogo ta ce in bar yarinya ta huta.

Litinin, bayan azahar

Idonta ya bi Gogo daga ƙofa zuwa randa.

Alhamis, da yamma

Ruwan farko ya sauka a Tawa, mai ƙarfi. Ina tsaye bakin ƙofa ina tunanin gonar tudu da ba wanda zai shuka, sai na ji Tabawa daga bayana, a hankali, kamar muryar tsohuwa: "Malam, an kwashe shanya?"

Na ce an kwashe. Na fita cikin ruwan na daɗe.

Jimada Lahir. Lahadi, Bangi

Na daɗe ban rubuta ba. An sallame mu. Muna gidan kawunta a Bangi, ya ba mu ɗaki da ɗan fili. Tana tafiya da sanda, magana na zo mata ɗaya-ɗaya, wani lokaci ta nemi sunan ludayi ta rasa. Abin da ta tuna na ƙarshe shi ne Inna na jiƙa mata tsamiya. Ta tambayi tabon bayanta, na ce magani anka yi mata. Ta dube ni.

Kullum sai ta ce, "Ina ɗiyar Inna?" Haka take kiran Zali, ɗiyar fari.

Laraba, bayan la'asar

Inna ta iso a kan jaki da Zali. Ta ce Barmo ya shuka gonata tare da tashi gonar, ya kuma tafi da kanshi ya ba mai raƙumi haƙuri. Bai aiko da gaisuwa ba. Maigari ya ce mu bari sai bayan kaka.

Hannun Zali ya kama, amma ya ɗan karkace a gwiwa. Tabawa ta jefar da sanda ta buɗe hannuwa. Yarinyar ta ƙwalla ƙara ta shige zanen Inna, fitsari na bin ƙafarta.

Tabawa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Mi na yi mata?"

Na ce ta daɗe ba ta gan ki ba ne. Inna ta ce, "Kada ka yi mata ƙarya, a bakin mata za ta ji in ba mu faɗa ba." Ta zaunar da ita ta gaya mata, tana riƙe da hannunta har ta gama.

Tabawa ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta juya fuska ga bango.

Alhamis

Ba ta ci ba. Na ɓoye wuƙa da igiyar guga.

Asabar, da safe

Ta fito da kanta. Ta ce wa Inna, "Kada a kawo mini ita, kada a tilasta ta. Ni zan zauna inda take ganina." Ta shimfiɗa tabarma can gefen danga tana tsintar wake. Zali na leƙenta daga bayan turmi.

Talata, da yamma

Na dawo daga noman filin kawu na iske Inna na tsefe wa Zali kai. Tsohuwa ta ce yatsunta sun yi ciwo, ba ta iya kitsi yau, ta ɗauki yarinyar ta aje ta gaban Tabawa, bayanta na kallon uwar, ita kuma ta zauna gabanta tana riƙe da ƙafafunta tana mata zancen jaki.

Tabawa ta kai hannu. Ta raba gashin, ta fara. Ba wanda ya yi motsi a gidan, har kawu da ke alwala ya tsaya da buta a hannu. Ta kai ƙarshen layi guda, Zali ta waiwaya ta ga ko wace ce, ta zabura ta gudu bayan turmi.

Ba ta yi ihu ba. Tana can tana shafa kitson da yatsa.

Inna ta ce a kawo ta ƙarasa mata, kada ta kwana da kai rabi. Tabawa ta ce, "A'a, Inna. A bar mini sauran."